Street Fighter Bayan Shekara Talatin: Sharhin Ɗan Gidan Gem

Duk yaron da ya tashi a Gwarzo, Getso ko Kabo a farkon shekarun 2000, in dai ya taɓa karkatar da canjin aike, ya san irin ɗakin da zan ambata. Shago ne ƙarami, benci biyu, talabijin mai ƙusumbi a kan tebur, janareta na kuka a bayan taga, yara sun cika har ƙofa. Gidan gem kenan. Naira biyar ko goma za ka miƙa a ba ka hannu, ka zauna gefen wanda ya ci wasan baya. In ka doke shi ya tashi, in ya doke ka ka koma layi. A nan na fara ganin Street Fighter II, a nan kuma na sha dukan da ban manta ba, na Ryu a talabijin da na Baba a gida.

Yanzu na haura talatin, manhajar kwamfuta nake rubutawa a Kano ina ci da iyali. Da na tara abin da zan sayi na'urar gem ta kaina, abin da na fara nema shi ne Street Fighter 30th Anniversary Collection, kundin da kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 2018. Wannan sharhi a kansa yake, da kuma tambayar da ya jefa ni ciki: me nake kewa, kuma wace na'ura ce za ta iya dawo min da shi?

Kundin ya ƙunshi wasanni 12: na farko na 1987, nau'i biyar na Street Fighter II daga 1991 zuwa 1994, Alpha guda uku, da Street Fighter III guda uku, na ƙarshensu 3rd Strike na 1999. Kamfanin Digital Eclipse ne ya yi aikin haɗa su, ya kuma ƙara ɗakin tarihi mai ɗauke da zanen farko na 'yan wasan, da kiɗa, da bayanin yadda aka gina kowane wasa. A matsayin adana tarihi, aikin ya yi kyau. Mutum zai iya bin wasannin a jere ya ga yadda tunani ɗaya ya girma a cikin shekara 12, kamar mai karanta littattafan marubuci ɗaya daga na fari zuwa na ƙarshe. Na 1987 kuwa taurin kai gare shi, sai ka danna sau biyar kafin bugu ɗaya ya fita. Barinsa da aka yi a ciki gaskiya ce, domin shi ke nuna girman tsallen da aka yi a 1991.

Street Fighter II har yau bai tsufa ba, dalilin kuwa a gininsa yake. Mutum biyu, fili ɗaya, turmi uku, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Duk wanda ya taɓa zama a gidan damben Ado Bayero Square da ke Sabon Gari ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Taku ne da auna tazara da karantar zuciyar abokin karawa. Ryu na jefo wuta daga nesa don ka yi tsalle, kana tsallen ya tare ka a sama. Guile na tsugune a lungu yana jiran ka gaji da haƙuri. Zangief ba shi da sauri, amma in ya kama ka, ka kamu. 'Yan wasa takwas, kowanne da halinsa, kuma ba a taɓa tsayawa an yi maka bayanin halin ba, a hannu kake jin sa. Marubutanmu da ke cika shafi uku suna siffanta jarumi kafin ya motsa za su ƙaru da wannan. Kiɗan ma, wanda Yoko Shimomura ta tsara mafi yawansa, kafin a fara bugu ya riga ya faɗa maka a wace ƙasa kake.

A matsayina na mai rubuta manhaja, abin da ya fi burge ni shi ne cewa babban sirrin wasan ba da gangan aka sa shi ba. Masu ginin sun sassauta lokacin danna maɓalli don bugu na musamman ya yi sauƙin fita. Sai sassaucin ya ba da damar katse bugu ɗaya a tsakiya a ɗora wani a kansa, kafin wanda ake duka ya farfaɗo. Sun gani, suka bar shi. Daga nan jerin duka ya samo asali, wanda yau kusan duk wasan faɗa a kansa yake tsaye. A ofis, irin wannan kuskure da safe za a ce in goge shi.

Wasan yana da nasa aibin. Duniyar da ya zana ta mai kallo daga nesa ce: Dhalsim na Indiya da ƙoƙon kai a wuya yana hura wuta, Blanka na Brazil dodo ne kore. Afirka kuwa ba ta da ɗan wasa ko ɗaya a taswirar 1991, sai a 1997 Elena ta Kenya ta shigo. Muna yara ba mu lura ba. Yanzu da na ga jirgin nan yana yawo a taswira yana tsallake nahiyarmu, na lura.

Babbar matsalata da kundin a wani wuri take. Wasannin da ke ciki na akwatin tsaba ne, wato dogon akwatin nan da ake jefa wa kuɗi a Tokyo da Amurka, mai sanda da maɓalli shida. Mu a yammacin Kano ba a kansa muka koya ba. Abin da ya iso gare mu Sega Mega Drive ce da kaset ɗin Special Champion Edition na 1993, shi ma bayan ya yi shekaru a hannun wasu. Hannun da muka fi samu mai maɓalli uku ne, sai ka danna Start kafin ka sauya daga naushi zuwa shuri. Wannan nau'in ba ya cikin kundin. Da na kunna na asalin, sai na ji sauti ya fi tsabta, hoto ya fi cika, amma yatsuna suna neman Start ɗin da ba shi da aiki. Ashe abin da nake kewa kwafi ne, kuma tarihin da Capcom ta adana na waɗanda suka yi wasan a akwatin ne. Namu, na benci da janareta, ba wanda ya rubuta shi.

Haka kuma kwamfutar da kake karawa da ita a waɗannan nau'o'i, musamman Super Turbo, muguwa ce, domin an gina ta ne ta cinye tsabar mai wasa ya sake jefa wata. In ka zauna kai kaɗai a falo, ba kuɗin da za ka rasa, ba mai yi maka dariya, muguntar sai ta zama gajiya kawai. A gidan gem naira goman nan ita ce ran wasan. Kana riƙe da hannu ka san kuɗin tara ne, ka san mutum goma na bayanka suna jiran ka faɗi. An sa wa wasanni huɗu damar karawa ta intanet don cike wannan giɓi. Sai dai wasan yana tafiya ne da hoto kusan 60 a daƙiƙa, jinkiri kaɗan ya isa ya lalata tari, kuma abokin karawar da ke wata nahiya ba zai taɓa zungurarka da gwiwar hannu ba.

Wannan ne ya yanke min hukuncin na'urar da zan saya. Na daɗe ina zagaya PlayStation 5, wadda ta fito a 2020. Hotonta ba a magana, a kanta kuma ake buga Street Fighter 6 na 2023. Amma tana jan wuta kusan wat 200, ga talabijin, kuma ana ɗauke wuta wasa ya yanke. Xbox Series S ta fi sauƙin kuɗi, sai dai ba ta cin faifai, komai sai an sauke, a zamanin da wasa ɗaya kan haura gigabait 100. Kaset ɗin Sega da ya cinye mana ƙuruciya megabait uku ne kacal, bai kai hoto ɗaya na wayar kirki ba. Nintendo Switch ta 2017 ita ce mafi rauni a cikinsu, amma batir gare ta, tana shiga jaka, kuma hannunta rabuwa yake gida biyu. Ita na ɗauka. Ƙananan hannuwan nan ba su da daɗin jefa wutar Ryu, babban yatsa yana zamewa. Na yafe musu, domin mu da muka koya da maɓalli uku ba mu da bakin ƙorafi.

Da sallar da ta wuce na tafi da ita gida. Bayan la'asar na jingina ta da tulu a zaure, na miƙa wa ɗan yayana hannu ɗaya. Kafin magariba yara sun cika zauren, kuma ba wanda ya koya musu dokar, da kansu suka kafa ta: wanda aka ci ya tashi. Sai ƙanwata, wadda yanzu 'ya'yanta uku, ta leƙo ta ce, “Yaya, wannan ne abin da Baba yake dukanka a kai?” Na ce shi ne. Ta ce ita ba ta taɓa ganinsa ba sai yau. Nan na tuna abin da kewa take ɓoye min: a gidan gem babu mace ko ɗaya, kuma da yawanmu Islamiyya muke gudu mu je can. Wasu sun wuce lafiya, wasu karatun ne ya tafi. Iyayen da suka tsani ɗakin nan suna da hujjarsu. Ranar dai 'yarta mai shekara tara ta ɗauki Chun-Li, ta kori yara maza uku a jere daga kan tabarma.

Hukuncina kenan. Wanda ke son sanin yadda ake gina wasa, ko yadda ake fitar da hali ba tare da dogon bayani ba, kundin nan makaranta ne, ya fara da Hyper Fighting ya ƙare da 3rd Strike. Wanda ke neman ƙuruciyarsa a ciki, in shi kaɗai zai zauna, kwana biyu zai yi ya ajiye. Kafin ka tambayi mai shago wace na'ura ce ta fi ƙarfi, ka fara duba wutar unguwarku da kuɗin datarka, sannan ka san wa za ka miƙa wa hannu na biyu.