Lissafin masu zuwa Makka a ƙasa

A Nasarawa Gwom, kamar sauran tsofaffin unguwannin Hausawa na Jos, ba a rasa gidan da za a ce maka kakansu ya je Makka a ƙasa. Akan faɗi haka ne don yabon juriya da imani, kuma sun cancanci yabon. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne lissafinsu. Mutum ba shi da asusun banki, ba taswira, abin da ke lalitarsa ba zai kai shi Maiduguri ba, amma ya tsara tafiyar da ta haura kilomita 3,000 kafin a ga Bahar Maliya, har da mata da yara, kuma ya isa.

A duba nisan da kyau. Ayarin da ke cin kilomita 20 a yini zai gama wannan hanya cikin wata biyar. To me ya sa ake jin wane ya yi shekara uku, wane bakwai? Saboda ba wanda ya tashi da kuɗin hanya gaba ɗaya. A kan hanyar ake nemansu, zango bayan zango, kuma gwanintar madugu ita ce sanin inda za a yi sauri da inda za a yada buzu a zauna.

Lokacin tashi shi ne farkon shawara. Ana jiran kaka ta wuce: hatsi ya yi araha, ƙafa ta ɗauke daga laka, rijiyoyi ba su ƙafe ba tukuna. Daga Jos a gangara Bauci, a bi ta Potiskum zuwa Maiduguri, sai Dikwa, sai Kusuri, a haye kogi zuwa Fort Lamy, wato Injamena ta yau. Tsakanin Dikwa da kogin Shari akwai firki, baƙar ƙasar nan da idan ta sha ruwa ko jaki ba ya iya cire ƙafa, don haka duk wanda damina ta riske shi a can ya san ya yi kwantai. Madugu mai hankali yakan tsara damina ta same su a garin da ake neman 'yan ƙodago, a yi noma a samu abinci da ɗan canji, kaka ta yi a sake ɗaura kaya. Ga kuma watan Zulhajji da ke matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, dole a riƙa lissafinsa da watannin damina tare.

Kayan guzuri kuwa, abin da ba ya lalacewa ake zaɓa: garin gero, ƙuli-ƙuli, daddawa, kuka, barkono, kanwa, kilishi ga mai hali. Salka ta ruwa, buta, tukunya ɗaya, man kaɗanya don faso. Jaki guda da mangala ya ishi iyali. Tsabar kuɗi ba a son ta da yawa, don tana kiran ɓarawo, kuma sulen Ingilishi da an shiga ƙasar Faransa sai an canza shi da asara. Gara a juya shi zuwa haja marar nauyi, turmin atamfa, huluna, kayan fata, a riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan.

Amma babban guzuri sana'ar hannu ce, kuma a nan ne zaɓen abokan tafiya yake da muhimmanci. Wanzami da zabirarsa ba ya kwana da yunwa a kowace kasuwa. Haka baduku, da mai ɗinkin hula, da mai yankan farce, da mahauci. Malami ya buɗe makarantar allo ko ya yi rubutun sha. Wanda bai iya komai ba ya ɗauki tulu ya yi ga-ruwa. Mata kuwa, da a ce ana rubuta gaskiya, da an rubuta cewa ƙosai da fura da wainarsu sun kai alhazai da dama Makka fiye da aljihun mazansu. Mutumin Jos yana da wata riba a kan wannan: wanda ya saba da diga da kwano a ramin kuza, ana biyansa a kan abin da ya haƙo, aikin lebura a ƙasar wani ba zai ba shi tsoro ba.

Daga Injamena hanya takan miƙe gabas ta Ati zuwa Abeshe, a wuce Adare a shiga Sudan ta Janaina, sai Fashir, sai Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1912. Ba a sauka a ko'ina sai a zangon Hausawa, wurin sarkin zango ko wani mai masauki da aka ji sunansa tun daga zangon baya. Shi zai faɗa maka wace rijiya ta ƙafe, wace hanya ce 'yan fashi suka tare, ina ake ɗaukar ma'aikata. Wannan sarƙa ta masauki tsohuwa ce, ta kuma ƙara ƙarfi bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai sauran jama'ar mahaifinsa bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau.

Taskar tafiyar ita ce yankin Jazira na Sudan. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na yankin Wad Madani suka riƙa neman hannu, alhazan Yamma suka zama masu tsinke ta. A nan ake tara kuɗin jirgin ƙasa zuwa gaɓar teku, da na allurar riga-kafi da zaman killacewa a Sawakin, da na jirgin ruwa zuwa Jidda, da na mutawwifi. Mai dabara yana ware na komowa tun a nan, ya damƙa amana a hannun mai masauki. Waɗanda ba su ware ba, ko aure da gona suka riƙe su, su ne kakannin Hausawan Sudan da yawa.

Manyan motoci ne suka fara rage wa ƙafa aiki, musamman na ƙungiyar WAPA ta su Alhaji Mahmud Ɗantata, wadda kasuwar canji ta Fagge a Kano ta gaji sunanta, sannan jirgin sama ya karɓe hanya daga shekarun 1950. A 2025 kujerar Hajji ta hannun hukumar NAHCON ta haura naira miliyan takwas, biza kuma ba a ba mai tafiya a ƙasa yadda ya ga dama, sannan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya ratsa ta Janaina da Fashir da Wad Madani, zangunan da ayarin Jos ya riƙa sauka a da ɗaya bayan ɗaya.