Iskandariyya ta baƙi da Iskandariyyar Zuhra

Marubuta da dama sun koma Iskandariyya da alƙalami, kowa da nasa birnin. Lawrence Durrell ya yi littattafai huɗu a kanta tsakanin 1957 da 1960, amma nasa birnin na Turawa ne da masu hali, talakan Masar bai cika bayyana ba sai a matsayin mai hidima. Shi ya sa muka fi son “Miramar”, wanda Najib Mahfuz ya fitar a 1967.

Labarin ya buɗe da komawa. Amir Wajdi, tsohon ɗan jarida da tsufa ya cimma, ya dawo masaukin Miramar da ya sani tun yana da ƙarfi, wajen Mariyana, ’yar asalin Girka mai masaukin. Ba lokacin zafi ya zo ba, sa’ad da mutanen Alƙahira ke cika bakin teku. Cikin hunturu ya zo, ga ruwan sama, ga iska, gari ya koma hannun masu shi. Wannan zaɓi na Mahfuz ya burge mu ƙwarai, don baƙo ba ya ganin ainihin gari ranar biki.

Sai dai Amir bai shiga gari ba. Yana zaune ne shi da Mariyana suna tuna zamanin Sa’ad Zaglul da juyin 1919. Husni Allam, ɗan masu gonaki, yana sheƙa gudu da mota a titin bakin teku, bai san kowa ba sai matan dare. Sarhan kuwa idonsa na kan zaren da zai sato daga kamfanin da yake aiki. Maza huɗu ne suka ba da labarin bi da bi, har da Mansur Bahi na gidan rediyo, kuma kowannensu kansa yake kallo.

Wadda ta koyi garin da ƙafarta ita ce Zuhra, wadda ta gudo daga ƙauye don kada a aurar da ita ga tsoho. Ita ake aike, ita ta san mai sayar da jarida, ita ta nemo malamar da za ta koya mata karatu. Mai karanta littattafanmu na Hausa zai gane ta nan take.

A nan muke da ƙorafi. Mahfuz bai ba Zuhra babi ko ɗaya ba. Masu sharhi sukan ce ita ce Masar, kowa na son mallakarta, don haka shirun da gangan ne. Mun ji, amma bai gamsar da mu ba. An mai da yarinya alama, mu kuma an hana mu ganin Iskandariyya ta bakin wadda take share ɗakunan Miramar kowace safiya.