Sharhi a kan Flask da Da'awarsa ta Rashin Nauyi

Flask tarin ƙa'idodin kwamfuta ne cikin harshen Python, wanda Armin Ronacher, mutumin Ostiriya, ya fitar a 2010. Ana gina ƙananan hidimomin intanet da shi, watau shirye-shirye waɗanda kowannensu aiki guda ya ke yi. Kyauta ne, kowa na iya duba cikinsa ya gyara. Masu yabonsa sun ce ba shi da nauyi, kuma lalle layi biyar sun isa ya fara amsa kira.

Amma fa akwai abin lura. Flask bai tanadi hanyar ajiye bayanai ko ta tantance masu shiga ba, alhali Django, wanda ya fito a 2005, ya zo da su duka. Tilas mai gini ya aro su daga wasu marubuta, waɗanda su kan yasar da aikinsu wani lokaci. Ashe nauyin yana nan, an dai ɗora wa mai gini ne.

Saboda haka malamin da ya fara da Flask ya kyauta, gama ɗalibi zai ga kowace gaɓa a fili. In kuwa bai koya masa tsaron bayanan jama'a ba, rabin ilmi ya ba shi.