Jinjina ga Ibro da 'Yan Tawagarsa

Daga tashar motar Agbalépédo a Lome ake kama hanyar arewa, kuma yawancin Hausawan da ke fatauci a wannan unguwa sun san Kano ta fina-finai tun kafin ƙafarsu ta taka kasuwar Kurmi. Cikin fuskokin da suka fi sani akwai Rabilu Musa, Ɗan Ibro, mutumin Ɗanlasan da ya bar aikin gidan yari ya rungumi barkwanci.

Japan ma ta yi irinsa. Daga 1969 zuwa 1995 Kiyoshi Atsumi ya fito a fim 48 a matsayin Tora-san, ɗan koli mai yawon kasuwanni, kullum ya dawo gida Shibamata wurin ƙanwarsa Sakura da zuciya a karye. Yoji Yamada ne ya ba da umarnin kusan dukkansu.

Ibro bai samu kamfani irin Shochiku, mai shirya fina-finan Tora-san, a bayansa ba. Da ƙaramar kyamara da kuɗi kaɗan shi da 'yan tawagarsa su Bosho da Daushe suka riƙa fitar da fim bayan fim, Ibro kaza, Ibro kaza, har ya ɗanɗana kurkuku a 2008 saboda fim ɗin Ibro Aloko. Abin da nake girmamawa a aikinsu shi ne yadda talaka yake ganin kansa a ciki: bashin da ya ci, matar da ta yi yaji, dabarar da ta kwaɓe. Yaron zango da Faransanci da Ewe suka fara rinjayar bakinsa yana tsintar Hausar Kano cikin dariya.

Ibro ya rasu a Disamba 2014. Allah Ya jiƙansa, Ya saka wa abokan aikinsa da alheri.