Filta a Bakin Kamara: Aikin Masu Hoto a Gonakin Arewacin Kano

Mai ɗaukar hoto ko bidiyon biki da ke yawo tsakanin Dawakin Tofa, Bichi, Dambatta da Minjibir, ƙura da tsananin haske ne ke ba shi wahala. Nan gona manne take da gona, gawo da ɗorawa na tsaye a tsakiyar shuka. Da an yi girbi an kwashe kara, sai ƙasa ta koma fetal, rairayi na maido da hasken rana cikin ido. A wannan fili ake gane wanda ya san filtarsa.

Wadda aka fi saye ita ce farar nan mai alamar UV, don mai shago yakan ce tana yanke hazo. Maganar ta samo asali ne tun zamanin fim na wanki, wanda hasken da ido ba ya gani ke dusasar da shi. Kamarar yanzu tana tace wannan haske a cikinta. Hazon hunturu kuwa ƙura ce tsantsa da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi, kuma babu gilashin da zai share ta daga sama. Amfanin wannan filta shi ne kāre idon kamara. Yaro ya goge shi da bakin riga, yashi ya karce. Gara abin ya ƙare a kan filta. Amma idan mai arha ce, a cire ta da dare, domin ƙwan janareta kan fito biyu-biyu a hoto.

Wadda ta fi cancantar kuɗin mutum ita ce baƙar filta, ND, kuma ita aka fi sakaci da ita. Bidiyo mai hoto 25 a daƙiƙa yana son a tsayar da saurin ƙiftawar kamara a 1/50. Da azahar a filin Idi ko a sussukar gero, wannan haske ya yi yawa: farar babbar riga ta ƙone, aikin zaren ya ɓace. Marar ND sai ya ƙara sauri, motsin doki da na masu rawa ya riƙa fizga. ND8 tana rage haske zuwa kashi 1 cikin 8, ND64 zuwa 1 cikin 64. Ranarmu ta fi son ta biyun. ND mai juyawa kuma, in an murza ta ƙarshe, takan zana baƙin gicciye a hoto.

Filtar CPL kuwa ta damina ce. Tana kashe ƙyallin ganyen dawa bayan ruwa, kore ya fito sosai, tana kuma kwantar da walƙiyar ruwa a madatsar Watari ta Bagwai. Ta fi aiki idan rana na gefen kafaɗar mai ɗauka. Sai dai a yi hattara da fuska. Sheƙin baƙar fata shi ke fito da goshi da kumatu. In aka kashe shi duka, amarya sai ta fito fuska a bushe, ba rai. Wannan yana damuna ƙwarai, don hoton aure ba a sake shi.

Wajen ɗaurawa, lambar da ke kusa da alamar ø ita ce faɗin bakin, kamar 52, 58 ko 77. Ba ita ce 18-55 da ke jikin gilashin ba, kuma nan ne sababbin shiga ke asara. Mai gilasai da yawa ya sayi babbar filta guda da zoben haɗi. Kada a jera biyu ko uku, kusurwoyi za su yi duhu. A hure ƙura daga zaren kafin a murza, a murza a hankali. In ta cije, a naɗa mata robar ɗaure kuɗi a juya da tafin hannu, domin matsa ta da yatsu biyu lanƙwasa zoben yake yi, ya ƙara cijewa.