Takardun Gobir a Hannun Wasu

Duk mai neman rubutaccen tarihin Gobir, sai ya bar Sabon Birni da Isa ya nufi wani gari. Zai je Sakkwato, Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, ko Kaduna, inda aka adana rahotannin Turawan mulki na Lardin Sakkwato, ko kuma ya tsallaka Yamai, cibiyar IRSH da Bubu Hama ya tara wa rubuce-rubuce. Kufan Alƙalawa kuwa, birnin Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, yana nan kusa da Sabon Birni, ba ɗakin karatun da ya dace da sunansa.

Nisa ba shi ne babbar matsalar ba. Abin dubawa shi ne wanda ya riƙe alƙalami. Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812, da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, a nan ne muke samun mafi yawan labarin Sarkin Gobir Yunfa da faɗuwar Alƙalawa a 1808. Littattafai ne masu daraja, marubutansu ganau ne, malamai masu kiyaye magana. Sai dai su ne suka ci yaƙin, kuma hujjar jihadi suke kafawa. Bagobiri a cikinsu abokin gāba ne. Ba a tambaye shi yadda ya ga lamarin ba. Abdulƙadir ɗan Tafa ya fi ba sarakunan Gobir fili a Raudatul Afkari, har da shekarun mulkinsu, amma shi ma jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne.

Bakin Gobirawa ya fito ta wata ƙofa. Lokacin da tawagar Tilho ta Faransa ke shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, tafintanta Landeroin ya rubuta jerin sarakuna da labaran da dattawa suka ba shi. Ga shi dai maganar gida ce, amma da Faransanci, an buga ta a Faris, kuma iyakar da aka zo shatawa ita ce ta raba Gobir biyu, ta bar Tsibiri a Nijar, Sabon Birnin Ɗan Halima a Nijeriya. Bayan shekaru da dama Abdullahi Rafi Augi ya gwama takardu da zancen baka a kundin digirinsa na uku a Zariya, a 1984. A ganina hanyarsa ce daidai: a karanta Bello, a saurari makaɗan fada da masu kirari, a auna, kada a ɗauki ɗaya a yar da ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne takardun da ba a kai ko'ina ba. A gidajen malamai da alƙalai da 'yan sarki ana ajiye wasiƙu, takardun gado, waƙoƙin ajami da littattafan fiƙihu a gafaka ko cikin adaka. Al'adar ta tsare su daga baƙo, amma ba ta tsare su daga gara da ɗigar damina ba, balle rabon gado, inda littafi ɗaya kan watse tsakanin magada. Yanzu kuma ga 'yan bindiga. Tun 2019 mutanen yankin ke gudu zuwa Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi, kuma mai gudun ceton rai yara yake ɗauka, ba adaka ba.

Masu takardun nan suna da dalilin ƙin bayar da su, don sau da yawa abin da aka ara ba ya dawowa. Saboda haka Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi su daina jiran a kawo musu. Su nemi magada a inda suka sami mafaka, su ɗauki hoton kowane shafi a gaban mai shi, su rubuta sunan gidan, su miƙa masa abinsa tare da kwafi.