Harshe da Haɗuwar Al'adu a Fim ɗin Little Buddha

Wannan maƙala ta dubi fim ɗin Little Buddha, wanda Bernardo Bertolucci ya ba da umarninsa a 1993. Labarin ya ginu ne a kan Lama Norbu, malamin addinin Buddha mazaunin Butan, wanda ya je birnin Siyatil na Amurka neman yaron da ake zaton malaminsa marigayi ya dawo duniya a jikinsa. An sarƙa wannan da tarihin Yarima Siddhartha, wato Buddha, ta hanyar littafin da aka ba yaron.

Ta fuskar hoto, fim ɗin ya yi armashi: Siyatil cikin shuɗi mai sanyi, Gabas kuwa cikin ja da ruwan zinariya. Rauninsa yana wajen harshe. Kusan kowa Ingilishi yake yi, har da Siddhartha. Haka kuma misalin da Norbu ya kawo, cewa ko kofi ya fashe shayi yana nan shayi, ya fi kusa da aƙidar dawwamar rai, alhali koyarwar Buddha ba ta yarda da wani rai tabbatacce marar sauyawa ba. Ke nan an sauƙaƙa wa baƙo fahimta, amma ainihin ma'anar ta salwanta.